Ina Akwatin Talabijin Ya Dosa?

A ranar 31 ga watan Oktoba, 1959, aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a birnin Ibadan, ƙarƙashin gwamnatin Jihar Yamma ta wancan zamani. Jihar Arewa ta sami nata a Kaduna cikin 1962, sa'an nan a 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NTA domin ta riƙe gidajen da ake da su. A waɗannan shekaru gidan talabijin shi ke da wuƙa da nama. Ba ya buɗe tasha sai da yamma, kuma duk mai son ganin Samanja ko Karambana tilas ya ajiye abin da yake yi ya zo ya zauna a kan lokaci. Yaran unguwa sukan yi cincirindo a tagar ma'aikacin da Allah ya hore wa akwati, wanda ya makara kuwa sai dai a ba shi labari da safe.

A yau al'amarin ya juye. Ɗalibi yana kwance a ɗakinsa na makaranta zai zaɓi shirin da yake so a wayar hannu, ya tsayar da shi in an kira salla, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wannan sauyi ya sa masu gidajen talabijin a ko'ina cikin duniya suna tambayar kansu ko akwai sauran gurbinsu nan gaba.

Ya kamata a fara da fahimtar bambancin hanyoyin biyu. A tsohuwar hanya, na'urar da ke bisa dogon ƙarfe tana watsa shiri ɗaya cikin iska, duk mai eriya ya kama. Ko mutum goma ne ke kallo ko miliyan goma, abin da gidan zai kashe bai canja ba. A hanyar intanet kuwa, kowane mai kallo nasa ake aiko masa shi kaɗai. Ana yayyanka shirin gutsure-gutsure na 'yan daƙiƙoƙi, a adana a manyan kwamfutoci, waya ta riƙa jawo su ɗaya bayan ɗaya. In sabis ya yi rauni sai ta jawo mai dishi-dishi, in ya ɗauke sai hoto ya tsaya cik. Watau duk ƙaruwar masu kallo ƙarin nauyi ne a kan layi, kuma mai kallo ke biyan kuɗin dakon.

Amurka ce ta yi gaba a wannan fage. An kafa YouTube a 2005, kamfanin Google ya saye shi a 2006. Kamfanin Netflix, wanda da fari yake aika wa mutane faya-fayan fim ta gidan waya, ya soma nuna finafinai ta intanet a 2007, ya iso Nijeriya a watan Janairu, 2016, kuma zuwa ƙarshen 2024 masu biyansa sun haura miliyan 300 a duniya. Kamfanin Nielsen mai ƙididdigar masu kallo a Amurka ya bayyana cewa a watan Mayu, 2025, kallo ta intanet ya kai kashi 44.8 cikin ɗari, ya zarce na eriya da na waya a haɗe, masu kashi 44.2. Wannan ne karo na farko da hakan ta faru.

Abin lura shi ne sabuwar hanyar ta soma ɗaukar halayen tsohuwa. Netflix da ya yi suna da rashin talla ya shigo da tsari mai talla a 2022, sa'an nan ya shiga nuna wasanni kai tsaye. Daren damben Mike Tyson da Jake Paul a watan Nuwamba, 2024, jama'a da yawa sun koka da tsayawar hoto saboda cunkoso, abin da ba ya samun eriya komai yawan masu kallo.

A ƙasar Hausa ma sauyin ya riga ya shigo gida. Kasuwar faifan CD, wadda ta riƙe masu shirya finafinai a Kano shekara da shekaru, ta durƙushe saboda satar fasaha da tura finafinai a waya. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango irin su Daɗin Kowa, daga 2020 kuma shirye-shirye kamar Labarina da Izzar So suka tara ɗimbin masu kallo a YouTube. Bahaushen da ke Kumasi ko Jidda yana ganin sabon kashi a daren da na Fagge ya gani. Sai dai mai shiri ya koma dogaro da kuɗin talla, wanda YouTube ke ba shi kashi 55 cikin ɗari, kuma tallar da ake yi wa mai kallo a Nijeriya ba ta kai darajar wadda ake yi wa na Turai ba. Dogaro da kamfanonin waje ma ba tabbas, domin a farkon 2024 Amazon ya daina ɗaukar nauyin sababbin shirye-shirye a Afirka.

Babban cikas shi ne tsada. Kallon awa ɗaya na hoto matsakaici yana cin kusan gigabait ɗaya na data, mai tsabta sosai kuwa har uku. Ke nan iyalin da ke kallon awa biyu kowane dare suna bukatar gigabait 60 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kuma a watan Janairu, 2025, hukumar NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Ga kuma matsalar wutar lantarki da ƙauyukan da sabis bai kai ba.

Bugu da ƙari, layin da kansa yana iya yankewa. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahala. A watan Satumba, 2021, an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali rediyo da eriya su ke isar da sanarwar hukuma ga talaka.

Akwai kuma batun sa ido. A watan Mayu, 2025, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 saboda ba a kawo mata su ta duba ba kafin a sake su. Amma ikonta a kan masu shiri na gida ya tsaya, abin da aka ɗora daga wata ƙasa kuwa ya fi ƙarfinta, sai dai iyaye su lura da abin da ke hannun 'ya'yansu.

Bisa ga waɗannan dalilai, alamu sun nuna hanyoyin biyu za su daɗe suna tafiya tare a Nijeriya: birane da matasa suna karkata ga intanet, karkara da manyan taruka kamar wasan ƙwallo da sakamakon zaɓe suna riƙe da eriya da tauraron ɗan Adam. Wajibi ne a kammala aikin mai da watsa shirye-shirye tsarin dijital, wanda wa'adinsa na duniya ya cika tun 17 ga Yuni, 2015, aka kuma ƙaddamar da gwajinsa a Jos a 2016. Su ma gidajen talabijin na gwamnati da na jihohi ya kamata su bi masu kallo zuwa cikin wayoyinsu, su kuma ceto tsofaffin kaset-kaset ɗin da suka rage a ɗakunan ajiyarsu, su kwafe su a kwamfuta tun ƙura da zafi ba su gama da su ba. Shirye-shiryen Hausa na shekarun 1970 da 1980 dukiya ce da babu wani kamfanin waje da ya mallaki irinta, kuma in kaset ya lalace babu inda za a sake samo shi.