Ko Ka San Abin da Itacen Kariya Yake Ci a Cikin Tukunya?

Ko ka sani, ya mai karatu, cewa cokalin shayi guda na takin zamani, wanda manomin Kadawa ba zai ko sunkuya ya kwashe ba idan ya zube daga bakin buhu, yana iya ƙone saiwar itacen da ya shekara goma yana zaune lafiya a cikin tukunya? Itacen da ake nufi shi ne kariya, mai kumburarren gindi da gajerun rassa da jan fure mai farin tsakiya, wanda kakanninmu suka sani a daji da bayan gida tun kafin masu sayar da furanni su fara jera shi a bakin titunan Kano. 'Yar uwar tumfafiya ce a wajen masana tsirrai, kuma tana da farin ƙaro mai dafi irin wanda maharba a sassa da yawa na Afirka suka riƙa shafa wa kibiya, saboda haka a nisanta ta daga yara da awaki, a kuma wanke hannu bayan an yanke ta.

Daga Senegal har Sudan, har a ƙetare Bahar Maliya zuwa Yaman, kariya tana fitowa da kanta a wuraren duwatsu da ƙarancin ruwa. A Yaman ɗin ne wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Peter Forsskal, ya rubuta siffarta kafin ajali ya cim masa a can a 1763. A yau mutanen Tailan da Taiwan sun mayar da renonta sana'a, suna aurar da iri da iri don samun fure mai ninki, suna kuma girke ta a faffaɗan kasko marar zurfi bisa tsarin nan na Japan da ake kira bonsai, wato a tsare itace a ƙaramin mazubi, a yi ta rage masa saiwa da reshe har ya tsufa bai yi tsawo ba.

To, mas'alar taki a nan tana da ban sha'awa musamman ga mutumin Kura ko Bunkure ko Garun Malam, domin kuwa tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya riƙa gangarowa ta kanal zuwa gonakin Kadawa rani da damina, sai jama'ar wannan yanki suka tashi da wata ƙa'ida wadda gaskiya ce a gona, cewa shinkafa da alkama da tumatir ba sa ƙin ruwa da taki, kuma wanda ya yi wa gonarsa rowar kamfa da yuriya shi zai ga sakamako ranar girbi. Wannan ilimi, da yake sahihi ne a kan shukar da za ta rayu wata uku ko huɗu ta ba da amfani ta mutu, idan aka ɗauke shi ɗungurungum aka ɗora wa kariya, sai ya zama sababin halakarta.

Bari mu yi lissafi, domin hujjar tana cikinsa. Hekta guda, idan aka auna ƙasarta zuwa zurfin santimita 20 inda mafi yawan saiwa take, ta kai lita 2,000,000. Tukunyar fure matsakaiciya kuwa ba ta wuce lita 5 ba. Cokalin shayi na taki yana da nauyin kimanin giram 5. Wanda ya zuba wannan cokali a wannan tukunya, ya ba kowace lita giram guda, kuma da a ce haka ya yi wa hektarsa, da ya zuba kilo 2,000, wato buhu 40 masu kilo 50. Wanda kuwa ya ɗebo cike da tafin hannu, kamar giram 50, ya watsa a gindin itacen don ƙauna, to buhu 400 ya juye. Babu manomi mai hankali daga Kadawa har Haɗeja da zai aikata haka a gonarsa ko da kyauta aka ba shi takin, amma ga shi ana aikatawa a tsakar gida ba tare da an lura ba.

Me ya sa yawan takin yake cutarwa, alhali abinci ne? Dalili shi ne takin zamani, da zarar ya narke a jiƙaƙƙiyar ƙasa, hukuncinsa hukuncin gishiri ne, kuma Allah ya halicci ruwa da ɗabi'ar barin wurin da gishiri ya yi ƙaranci ya nufi inda ya yi yawa, matuƙar akwai siririyar fata a tsakani. Saiwa tana shan ruwa ne saboda ruwan cikinta ya fi na ƙasa kauri. Idan na ƙasa ya fi nata, sai al'amarin ya juye, ƙasa ta koma tana tsotse saiwa. Duk wadda ta taɓa yanka tumatir ta barbaɗa masa gishiri, ta ga yadda yake tsatsafar da ruwa nan take, ta ga wannan hikima da idonta. A gona ruwan kanal yana wanke abin da ya yi saura ya nutsar da shi ƙasa, ko da yake a can ma akwai filayen da magudanarsu ta toshe har farin gishiri ya fito a kansu. A tukunya babu inda zai tafi. Sai ka ga farin ɓawo a leɓen tukunyar, bakin ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, itacen ya yi yaushi ƙasarsa kuwa a jiƙe, mai shi ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, ƙonanniyar saiwar ta ruɓe, ruɓar ta hau gindi.

Yuriya ce mafi haɗari a nan. Kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, sinadarin da ke sa ganye da tsawo, kuma ba ta ɗauke da komai bayansa. Kariyar da aka ba yuriya, in ta tsira, takan miƙe da dogayen rassa masu laushi da manyan ganye, ta yi jinkirin fure, ta rasa wannan dunƙulalliyar siffa wadda dominta aka ajiye ta. A ganina, wanda ke son ganye ya shuka alayyafo. Kamfa mai lamba 15-15-15 ya fi dacewa, domin yana haɗe da sauran sinadarai biyu da saiwa da fure suke bukata, amma da sharaɗin a narka rabin cokalin shayi a ruwa lita 5, a bar shi ya kwana, a fara jiƙa ƙasar da ruwa zalla, sa'an nan a zuba kaɗan daga wannan, sau ɗaya a mako uku ko a wata. Busasshiyar ƙasa ba a zuba mata taki.

Sai batun lokaci, wanda shi ne inda kalandar Kadawa take yaudarar mutum. A Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, manomin rani yana tsakiyar ba alkama da tumatir taki, kariya kuwa a sa'an nan take zubar da ganye ta yi barci, saiwarta ta kusan daina sha. Abin da ya ƙara rikita mas'alar shi ne sau da yawa a cikin rani take fure, a kan tsiraran rassa, sai mai ita ya ce lalle wadda take wannan aiki tana bukatar abinci. Alhali furen nan daga ajiyar da ta tara a gindinta tun damina yake fitowa. A jira har zafin bazara ya shigo, sabon toho ya bayyana a kan rassa, a fara ciyarwa daga nan har wajen Satumba, a tsaya. A Agusta kuma, idan ruwan sama ya yi ta sauka ba ƙaƙƙautawa, a janye tukunyar zuwa ƙarƙashin rumfa.

Takin gargajiya ma yana da nasa hukunci. Ibn al-Awwam, malamin Ishbiliya ta Andalus a ƙarni na 12, ya yi dogon bayani a Kitab al-Filaha kan nau'o'in taki da zafinsu, kuma manomanmu sun san kashin kaji da na tantabara sun fi na shanu zafi nesa ba kusa ba. Ɗanyensu ba ya shiga tukunya. Tsohon kashin shanu ko na awaki wanda ya shekara a juji, ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu, shi ake barbaɗa ɗan kaɗan a sama a farkon damina, nesa da jikin gindin. Ƙasar kuwa a haɗa ta da yashi mai tsakuwa da dakakken gawayi da ƙonannen buntun shinkafa, wanda ba ya wuya a Kura, a zuba a tukunyar ƙasa mai huda a gindi. Laka irin ta fadama ba ta yi.

Idan kuwa an riga an yi ɓarnar, a kwashe ƙwayoyin takin da ake gani, a yi ta kwarara ruwa zalla har ya fita ta hudar sau da yawa, a bar ƙasar ta bushe. In an danna gindin da yatsa aka ji ya yi laushi, a tumɓuke itacen, a yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa mai tsabta har a isa farin nama, a ajiye shi a inuwa kamar mako guda yankan ya bushe, a dasa a sabuwar ƙasa, kada kuma a kusanto masa da taki sai ya fitar da sabon ganye.