Kafin Ka Sayi Injin Busa Ganye

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, itatuwa da yawa a arewacin Amurka da Kanada da Turai kan zubar da ganyensu kaf. Da yini ya fara gajarta, sanyi ya kunno kai, sai bishiya ta janye abincin da ke cikin ganyen ta adana a rassa da saiwoyi. Koren ya dusashe, rawaya da ja su fito, sannan ta toshe mahaɗar ganye da reshe, iska ta ƙarasa aikin. Mutane kan yi takakkiya zuwa arewa maso gabashin Amurka don kallon wannan launi. Mai gida kuwa ba ta kallo yake ba, tulin da ke jiransa a ƙofar gida kowace safiya shi ne damuwarsa.

Ba don ado kaɗai ake kwashe shi ba. Idan ganye ya yi kauri a kan ciyawa, ruwa ya jiƙa shi, ƙanƙara ta zo ta danne, ciyawar kan rasa haske da iska, ta yi fumfuna, ta mutu kafin bazara. Jiƙaƙƙen ganye a kan hanyar ƙafa santsi gare shi, kuma a unguwanni da yawa ƙungiyar masu gidaje ba ta jinkirin aiko wa wanda ya bar farfajiyarsa a haka da takardar gargaɗi. Ɗan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai can, ya sami gida mai fili, da wuya kakar farko ta wuce bai tsinci kansa a kantin kayan lambu ba, yana kallon injinan busa ganye jere reras, kowanne da lambobi manya-manya a jikin kwalinsa.

Shawarata gare shi ita ce ya dakata tukuna. Injin busa ganye ba ya rage ganye ko guda ɗaya, matsar da shi kawai yake yi daga nan zuwa can. Abin da ya kamata a fara yanke wa hukunci shi ne inda ganyen zai ƙare. Idan an san wannan, zaɓen kayan aiki ya zo da sauƙi, kuma sau da yawa za a tarar suna nan a gida.

Kusan duk mai filin ciyawa yana da injin yankan ciyawa, kuma a ganina shi ne kayan aikin kaka na farko. A ɗaga wuƙarsa sama kaɗan, a cire jakar da ke tara ciyawa, a toshe mafitar gefe, a bi ta kan ganyen ranar da ya bushe. Wuƙar za ta yi ta juya shi tana daddatsawa har ya zama gutsattsari, su sulale tsakanin ciyawa su kwanta a ƙasa, tana da sauran ƙananan halittu su mai da su taki. Akwai wuƙa ta musamman mai lanƙwasa da ake sayarwa don wannan aiki, amma ko ta yau da kullum tana yi idan an maimaita. Masu binciken ciyawa a Jami'ar Jihar Mishigan sun shafe shekaru suna niƙa ganye a filayen gwaji, ba su ga ya cutar da ciyawar ba. Sharaɗin shi ne kada a bari ya taru. Sau ɗaya a mako ya wadatar, kuma ma'aunin a ido yake: in ka wuce sau biyu ciyawa tana leƙowa ta cikin gutsattsarin, ka gama. In ba ka ganin ta, ganyen ya yi yawa, sai ka mayar da jaka ka kwashe. Ko a nan ba ka yi asara ba, domin niƙaƙƙen ganye ba ya cin wuri kamar wanda ba a niƙa ba, kuma ya dace da gindin furanni ko ramin taki.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 an tara sharar farfajiya, wato ganye da ciyawa da rassa, sama da tan miliyan 35, kuma fiye da tan miliyan 10 daga ciki a juji aka binne su. Manomin Kano ko Maraɗi da ke barin gawo a tsakiyar gonarsa saboda ganyen da yake zubarwa a farkon damina zai riƙe baki in ya ji ana biyan kuɗi a kwashe taki a watan Nuwamba, sannan a sayo na zamani a watan Afrilu.

Inda injin yanka ba ya shiga, aikin manjagara ne. Sai dai a lura, iri biyu ce. Mai gajerun haƙoran ƙarfe masu tauri ta baje ƙasa ce, tsige ciyawa take yi. Ta ganye ita ce mai baɗaɗɗen baki da dogayen haƙora masu lanƙwasa, faɗinta santimita 60 zuwa 75. Ta roba ta fi sauƙin ɗauka kuma ta isa ga busasshen ganye, ta ƙarfe ta fi iya ɓamɓaro wanda ya jiƙe. A duba tsawon ƙotar, domin gajeriyar ƙota ita ce mafarin ciwon baya. A haɗa ta da tamfol: a shimfiɗa, a turo ganye a kai, a kama kusurwa biyu a ja. Kuɗinsu duka bai taka kara ya karya ba.

Injin busawa na da ranarsa. A kan tsakuwa, ƙarƙashin shuke-shuke masu ƙaya, fili mai eka ɗaya ko fiye mai manyan itatuwa, ko a hannun dattijon da ƙugunsa ba ya jure sunkuyo, babu abin da ya kai shi. Lambobi biyu ake rubutawa a kwalinsa. MPH saurin iskar ne, CFM kuma yawan iskar da ke fita a minti guda. Masu talla sun fi son ta farko, amma ko tsuke bakin bututu aka yi saurin zai ƙaru ba tare da injin ya ƙara ƙarfi ba. Sauri na ɗaga ganyen da ya manne, yawan iska shi ke tura tuli gaba. Ga farfajiyar gida madaidaiciya, na hannu mai CFM 400 zuwa 600 ya isa. Na goyo a baya na babban fili ne.

Mai igiyar lantarki ya fi araha da rashin nauyi, iyakarsa tsawon wayar, kusan mita 30. Mai batir ya kawar da wannan matsala ya kawo tasa: babbar lambar da ke kwalin ta ƙarshen ƙarfinsa ce, kuma a wannan mataki batirin kan ƙare cikin kwata na awa ko makamancin haka. Batirin Ryobi ba ya shiga injin EGO ko Stihl, don haka wanda ya riga ya mallaki kayan wani kamfani gara ya tsaya a kansa, ya sayi gundarin injin ba tare da batir ba.

Na fetur shi ne mai ƙarfi, shi ne kuma mai rigima. Yawancinsu irin injin ƙaramin janareta gare su, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, galibi kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, kuma wani ɓangare na man kan fita ta salansa bai ƙone ba. Hukumar kula da iska ta jihar Kalifoniya ta kwatanta gurɓata iskar da na 'yan kwangila ke yi a awa guda da tafiyar kusan mil 1,100 a sabuwar mota. Ƙararsa a kunnen mai riƙe da shi kan kai desibel 100, alhali cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce a wannan mataki minti 15 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a rana ba tare da kariya ba. Abin toshe kunne da tabarau da takunkumi wajibi ne. Birnin Washington ya haramta amfani da injin busawa na fetur daga 1 ga Janairun 2022, tarar kan kai dala 500. Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a 2021 kan dokar da ta nufi daina sayar da sababbin ƙananan injinan fetur irin wannan a Kalifoniya daga 2024. Wasu garuruwan sun ƙayyade watanni ko awannin kunna shi. Wanda doka ta ba shi dama ya saya, ya tuna ya tsiyaye man kafin ya ajiye shi, domin fetur ɗin da ya kwana wata da watanni kan toshe kafireto.

Injin da ke zuƙar ganye ya niƙa cikin jaka ba ya burge ni sosai. Yana yi a lungu da busasshen ganye, amma jiƙaƙƙe ko tsinke ɗaya kan shaƙe shi.

Ƙona ganye haramun ne a birane da yawa, haka ma tura shi cikin magudanar titi, inda yake toshe ruwa, sinadarin da ke cikinsa kuma ya gangara tafki ya haifar da gansakuka. Ba kuma dole ne a share ko'ina ƙal ba. A Ingila bushiya kan yi barcin hunturu a cikin tulin ganye, kuma a 2019 ma'aikatar muhalli ta Jamus ta shawarci jama'a su guji injinan busawa saboda ɓarnar da suke yi wa ƙwari. A bar wani abu a bayan shinge da gindin itatuwa, amma nesa da wurin wasan yara, domin kaskar da ke yaɗa cutar Lyme a irin wannan damshi take fakewa.

Saura abin da za a kai wa hukuma. Wasu garuruwan kan turo mota mai zuƙa, sai dai ka tara a bakin titi a ranar da aka sanya. Wasu ba sa karɓa sai a buhun takarda, in ka zuba a leda su bar maka kayanka. A nemi jadawalin tun farkon Oktoba, a kuma gwada shi da itatuwan gidan: mepul, mai ganyen da ke jikin tutar Kanada, kan gama zuba da wuri, itacen oak kuwa kan ja har Disamba, lokacin da motar wasu garuruwan ta riga ta daina zagaye.