Daga Ƙofar Masallaci Zuwa Asibiti: Wa Zai Raka Mai Taɓin Hankali?

Idan saurayi ya fara surutu shi kaɗai, ko mai jego ta daina barci ta ƙi shayar da jaririnta tana cewa ana son a kashe ta, ba kasafai iyali ke fara tunanin likita ba. Wurin liman ake nufa, ko malamin ruƙiyya, ko fasto in gidan Kirista ne. Wasu 'yan boko suna kiran wannan jahilci. Ni ban ga haka ba. Mutum yana kai kukansa ne wurin wanda ya yarda da shi, kuma inda ƙafarsa za ta iya kai shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa ba su da yawa: na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa. Masallaci kuwa kowace unguwa da nata, ana haɗuwa sau biyar a yini.

Saboda haka zancen ba na hana mutane zuwa wurin malam ba ne. Zancen shi ne, me malam zai yi da su idan sun zo?

Jama'ar masallaci suna ganin abin da likita ba zai gani ba sai ciwo ya yi nisa. Ladan ya san wanda ya daina fitowa sallar asuba. Malamar Islamiyyar matan aure ta san wadda ta rame ta yi shiru tun da ta haihu, haka ma shugabar zumuntar mata a majami'a. Matsalar ita ce sunan da ake ba abin. Mai ciwon damuwa sai a ce masa rago, ko a ce imaninsa ne ya yi rauni, ya koma gida da nauyi biyu: ga ciwo, ga zargin kai. Akwai wanda zai yi awa guda yana maimaita alwala har sallah ta wuce shi. Malamai sun san shi da waswasi, amma kaɗan ne suka san cewa idan ya kai wannan matsayi likitoci suna da maganinsa.

Jinkiri ne ke fara yin ɓarna. A shafe watanni ana tofi, ana hayaƙi, ana shan rubutu, a sayar da akuya, a sayar da gona, sai lokacin da mara lafiya ya fara duka sannan a tuna da asibiti. Wasu ma ba asibitin ake kai su ba, gidan mari ake kai su. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Ba duka ne masu taɓin hankali ba, akwai 'yan shaye-shaye da waɗanda aka ce sun gagari iyaye, amma akasari iyayen ne suka kai su da hannunsu, suna biya, suna zaton gyara ake yi. Kuma waɗannan gidaje a cikin unguwanni suke, kusa da masallatai. Maƙwabta sun ji kuka. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma doka ba ta shiga zaure sai wani ya kai ta.

Haɗa hannu tsakanin malamai da likitoci ba sabon abu ba ne, an gwada an ga amfaninsa. Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarinsa a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama cikin ƙauyuka tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. A 2020 mujallar The Lancet ta buga binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi. Ma'aikatan ƙananan asibitoci ne suka riƙa zuwa wuraren masu addu'a da masu maganin gargajiya suna duba marasa lafiya suna ba su magani, masu wurin kuma suka ci gaba da addu'arsu. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi. Mu ma a Arewa mun ga yadda rigakafin shan inna ya tsaya cik a 2003, bai kankama ba sai da sarakuna da malamai suka sa baki.

Ba a ce liman ya zama likita ba. Abin da ake bukata ya san alamomin da ba a jira da su: wanda ke maganar kashe kansa, wanda ya yi kwana da kwanaki bai runtsa ba, mai jin muryoyin da babu su, mai jegon da ta rikice, da wanda ruɗewarsa ta zo tare da zazzaɓi, domin wannan kan iya zama sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Ya yi masa addu'a, sannan ya ce da iyali a tashi a tafi yau. Kalmar "ku je" daga bakin liman ta fi tallar rediyo goma. In ya haɗa su da ɗan agaji ya raka su, ya fi.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne bayan an dawo daga asibiti. Maganin damuwa kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Wasu magungunan taɓin hankali kan sa jiki ya yi tauri ko miyau ya riƙa dalala, sai iyali su ce maganin asibiti ya ƙara lalata yaro. Gyaran wannan na likita ne, ya rage ko ya sauya. Amma idan malam ya ce a ajiye ƙwaya tun da an fitar da aljani, ciwon yakan dawo. Sau da yawa ma ba wanda ya ce a daina, kuɗin ne ya ƙare. Asusun masallacin da ke sayen sabon kafet da lasifika zai iya ɗaukar maganin wata guda na mutum biyu, kuma matalaucin mara lafiya yana cikin masu cin zakka.

Sai riƙon sirri. Uwa ba za ta kai maganar 'yarta wurin da gobe labari zai kai gidan masu neman aurenta ba. Likitoci su ma da nasu gyaran: wanda ya yi wa mara lafiya dariya don ya ce ya sha rubutu, ba zai sake ganinsa ba.

Mai karatu, in kana cikin kwamitin masallaci ko majami'a, ka tambaya a zamanku na gaba ko akwai wanda ke da lambar wayar ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa mafi kusa da ku. In babu, ku nemo ta, ku ba liman.