Wa aka kashe? Kamfani da shari'a a cikin labarin Little Fuzzy na H. Beam Piper

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu duba wani reshe na ƙagaggun labaran kimiyya, abin da ake kira science-fiction da Faransanci, wato labarin da ya haɗa kisan kai da bin diddigin mai laifi da makircin kamfani, aka kuma ɗauke shi aka kai wata duniya da ƴan Adam suka je suka mamaye. Za mu tsaya kan littafi guda, Little Fuzzy, na marubucin Amurka H. Beam Piper, wanda ya fito a 1962, aka fassara shi da Faransanci da sunan Les Hommes de poche. Abin da muke son nunawa shi ne, da zarar kamfani ya mallaki ƙasa da duk abin da ke cikinta, tambayar da aka saba da ita a labarin ƴan sanda takan sauya, har ma siffar labarin ta sauya tare da ita.

Labarin a taƙaice

Sunan duniyar Zaratustra. Shekara 25 ke nan tana hannun wani kamfani da gwamnatin tarayyar ƴan Adam ta ba takardar izini. Takardar tana da sharaɗi guda: an ba da ita ne bisa cewa duniyar tana cikin aji na uku, ma'ana ana iya zama cikinta amma babu ƴan ƙasa masu hankali. Ranar da aka tabbatar akwai su, duniyar ta koma aji na huɗu, takarda ta mutu, filaye da ma'adinai sun fita daga hannun kamfani.

Wani tsoho mai suna Jack Holloway, mai haƙar wasu duwatsu masu daraja da ke haske in sun ji ɗumin jiki, ya dawo sansaninsa wata rana ya tarar da wata ƴar halitta mai tafiya da ƙafa biyu, tsawonta bai fi santimita 60 ba, jikinta lulluɓe da gashi mai laushi. Daga wannan gashi ne ya laƙaba mata suna Fuzzy. Ba a jima ba sauran danginta suka biyo ta. Suna da makamin da suka sassaƙa da kansu don kashe wani ƙwaro da su ke ci, suna koyon abu da gani ɗaya, amma ba su hura wuta, kuma ba wanda ya ji suna magana. Sai dai wani ɗan tsuwwa. To a dokar da aka saba bi a wannan tarayya, shaidar hankali biyu ce: magana da hura wuta.

Akwai wani abu ƙarami da marubucin ya dasa tun farko wanda ya kamata a lura da shi. Abin da ya fito da ƴan Fuzzy daga dajin da su ke ɓoye aikin kamfanin ne da kansa: ya tsotse ruwan wata babbar fadama don noma, ruwan sama ya ragu a yankin, ƙwaron nan ya yawaita, su kuma suka biyo abincinsu har ƙofar Holloway. Ashe kamfani da hannunsa ya tono abin da zai ci shi.

Shugaban kamfani, Victor Grego, ya gane haɗarin tun kafin kowa. Ya aika shugaban sashen binciken kimiyya na kamfanin, Leonard Kellogg, da umurnin da ba a rubuta ba: a tabbatar waɗannan dabbobi ne. A sansanin Holloway, cikin fushi, Kellogg ya tattake wata Fuzzy mace da ake kira Goldilocks har ta mutu. Holloway ya far masa da duka; wani yaron kamfani mai suna Kurt Borch ya zaro bindiga, Holloway ya riga shi harbi. Gawa biyu ke nan a ƙasa, a gaban shaidu da yawa.

Yadda tambayar ta sauya

A labarin ƴan sanda da muka sani, irin na Agatha Christie ko na Georges Simenon, gawa ba ta da gardama. An san an kashe mutum; abin da ya ɓace shi ne mai kisan, kuma aikin mai bincike shi ne ya kai ga sunansa. Doka da kotu da kurkuku suna nan a bayan fage suna jira, ba a shakkar su. A Little Fuzzy an juya wannan tsari. Kowa ya ga wanda ya tattake, kowa ya ga wanda ya harba. Abin da ba a sani ba shi ne ita wadda aka tattake: wa ce ce, ko kuwa mece ce? In mutum ce, Kellogg mai kisan kai ne, Holloway kuma ya yi harbi ne wajen hana kisa. In dabba ce, Kellogg ya kashe abin kiwon wani ne kawai, Holloway shi ne zai amsa laifin jinin Borch. Hukunci guda zai wanke ɗaya ya kama ɗaya, kuma wannan hukuncin ne zai raya takardar kamfani ko ya kashe ta. Shi ya sa babban alƙali, Pendarvis, ya haɗa ƙararrakin biyu a zama ɗaya.

A nan ne makircin kamfani ya samu wurin zama, kuma a ganinmu nan ne ƙarfin littafin ya ke. Don a amsa tambayar ana bukatar masana, ana bukatar ɗakin gwaji, ana bukatar su ƴan Fuzzy ɗin da ransu. Masanan kuwa albashinsu daga kamfani ya ke fitowa, ɗakin gwaji na kamfani ne, wakilin gwamnati da ke babban birni, Mallorysport, a tafin hannun Grego ya ke, haka ma wani ɓangare na ƴan sanda. Kamfanin ba ya bukatar ɓoye gawa. Ya ishe shi ya riƙe kayan aikin da ake sanin gaskiya da su. Da takardar kotu da aka samo ta bayan fage aka kwashe ƴan Fuzzy daga hannun Holloway aka kai su hannun masanan kamfani da sunan shaida. Da suka ɓace daga can, sai aka ƙirƙiro labarin sun far wa wata yarinya, aka sa lada ga duk wanda ya kashe su. Mai karatu zai lura ba a bukatar mugu na musamman a wannan aiki. Masanin halayyar ɗan Adam na kamfani, Ernst Mallin, ba azzalumi ba ne. Mutum ne da ya san abin da ake so ya gano, ya kuma tsara gwajinsa yadda zai gano shi.

Ɗaliban sashen Faransanci za su tuna da Les Animaux dénaturés na Vercors, wanda ya fito a 1952, shekara 10 kafin littafin Piper. A can ma an gano wasu halittu tsakanin biri da mutum a Sabuwar Gine, wani ɗan kasuwa yana so ya sa su aikin masaƙa ba lada, sai wani ɗan jarida ya yi kisa da gangan don ya tilasta wa kotun Landan ta faɗi mene ne mutum. Vercors ya fi Piper zurfi a falsafa, ba tantama. Amma kotunsa tana Landan, nesa da ikon ɗan kasuwar. Piper ya kai kotun cikin gidan kamfani, a duniyar da tafiya daga ita zuwa Ƙasa watanni ce, kuma wannan nisa shi ne ya mai da muhawara ta zama labari mai tsayar da numfashi.

Takardar izini ba ƙirƙira ba ce

Duniyar Zaratustra ƙirƙira ce, amma kamfani mai takardar izini tsohon abu ne a tarihi, kuma yankinmu ya san shi. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya samu tasa a 1600. Kusa da mu, Royal Niger Company na George Goldie ya samu takardar sarautar Ingila a 1886, ya riƙe kasuwancin Kwara da Binuwai da sojojinsa da kotunsa da harajinsa. Mai saye shi ne mai hukunci. Lokacin da mutanen Nembe, waɗanda kamfanin ya toshe wa hanyar cinikinsu, suka rasa inda za su kai kuka, sai suka far wa tasharsa ta Akassa a 1895 ƙarƙashin sarkinsu Koko. A ɓangaren Faransa, a 1899 an yanka mafi yawan ƙasar Kongon Faransa aka raba wa kamfanoni kusan 40. Da labarin ta'asa ya kai Faris, aka aika Savorgnan de Brazza bincike a 1905; ya rasu a Dakar a kan hanyar komawa, rahoton da aka tsara daga bincikensa kuma aka kulle shi, bai fito ga jama'a ba sai 2014, ta hannun masaniyar tarihi Catherine Coquery-Vidrovitch. Wannan shi ne ainihin matsalar da labaran irin na Piper ke wasa da ita: an san gaskiya, amma ina za a kai ta?

Sharaɗin takardar Zaratustra ma yana da asali. Cewa ƙasa ba ta da mai ita, don haka wanda ya zo ya ɗauka, hujja ce da aka yi aiki da ita a Ostareliya, kuma sai a 1992 babbar kotun ƙasar ta rushe ta a shari'ar Mabo. Piper ya ɗauki wannan hujja ya matse ta wuri guda: dukiyar duniya sukutum ta rataya ga cewa mazaunanta ba mutane ba ne.

Inda littafin ya yi rauni

Yadda aka warware ƙullin ya cancanci a tsaya a kai. Abu biyu suka ceci ƴan Fuzzy. Na farko wata na'ura ce ta kotu mai gane ƙarya, wadda ƙwallonta ke sauyawa daga shuɗi zuwa ja in mai shaida ya kauce wa gaskiya. A ƙarƙashinta Mallin ya rasa mafita ya amsa cewa shi ma ya san masu hankali ne. Na biyu rundunar sojan sararin samaniya ce da ke zaune a kan wani wata na Zaratustra mai suna Xerxes. Ashe tana da ƴar leƙen asiri cikin masanan kamfani, Ruth Ortheris, ita ce ta sace ƴan Fuzzy ta kai su can. Masanan soja suka gano cewa suna da harshe tun farko, sai dai muryarsu ta fi ƙarfin kunnen ɗan Adam, wanda ba ya jin sautin da ya wuce kimanin 20.000 a ma'aunin hertz, kamar yadda ba mu jin mafi yawan kukan jemage. Da aka kawo abin sawa a kunne, sai kotu ta ji suna magana. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, don ta nuna aibin yana ga kunnen mai saurare. Kellogg kuwa ya kashe kansa a kurkuku kafin a yanke hukunci.

Amma a duba da kyau. Na'urar gane ƙarya ta sauƙaƙa wa marubuci aikin da ya fi wuya, wato yadda za a sa ma'aikaci ya faɗi abin da zai tsinke masa abinci. Soja kuma sun zo daga sama, a zahiri, da hannu mai tsabta, ba su da wata bukata tasu. Piper bai tuhumi mulkin mallaka ba; kamfanin da ya ƙetare iyaka ya tuhuma, ya kuma amince da hukumar da ke bisa kamfanin. Tarihin da muka ambata bai ba da wannan amincewa ba. An karɓe takardar Royal Niger Company, gwamnatin Ingila ta ɗauki ƙasar ranar 1 ga Janairu 1900 ta biya kamfanin diyyar fam 865.000, bayan shekara 3 sojojin Lugard suka shiga Kano da Sakkwato. A littafin ma, ƴan Fuzzy sun fita daga matsayin dabba sun shiga matsayin yara: aka naɗa Holloway kwamishinan harkokin ƴan ƙasa, mutane kuma suna ɗokin kowa ya samu nasa Fuzzy a gida. A littafi na biyu, wanda ya fito a 1964, shekarar da Piper ya rasu, Grego da kansa ya zama abokinsu, kamfaninsa kuma ya ci gaba da aiki ba takarda.

Don kwatanci, silima ta bi wata hanya. A fim ɗin Outland na Peter Hyams (1981), Sean Connery ya fito a matsayin shugaban ƴan sanda a wata mahaƙa da ke kan Io, ɗaya daga cikin watannin Mushtari. Ma'aikata suna haukacewa suna mutuwa. Ya gano manaja ne ke bari ana sayar masu da wata ƙwaya mai sa su aiki ba gajiya har ƙwaƙwalwa ta ƙone. Ya san mai laifi tun tsakiyar fim, amma ba kotu, ba soja, sai ƴan kisa da ke tafe a jirgi na gaba, da wata likita guda da ta tsaya masa. Tsarin na High Noon ne, fim ɗin kaboyi na 1952. Ya tsira da ransa, ya naushi manajan, ya bar wurin.

A 2011 John Scalzi ya sake rubuta labarin Piper da izinin magadansa, ya sa masa suna Fuzzy Nation. Ya cire na'urar gane ƙarya, ya cire ceton soja, ya mai da Holloway korarren lauya mai son kansa wanda ba a tabbatar da niyyarsa sai can ƙarshe. A kotun wannan littafi, ɗaya daga cikin ƴan Fuzzy ne ya tsaya ya ba da shaida da bakinsa kan kisan ƴaƴansa, kuma su ne suka nemi kamfani ya kwashe kayansa ya bar masu duniyarsu.