Ƙaramin jirgin ƙasa: yadda ake ƙera ɗakin matuƙi

A Karofan, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, yara sun saba ƙera mota da karan dawa, waya da gwangwani. Jirgin ƙasa kuwa sai a hoto, domin dogo bai ratsa yankin ba. Layin Yamai zuwa Doso da aka ƙaddamar a 2016 bai kai ga jigilar yau da kullum ba, shi kuma na Kano zuwa Maraɗi a 2021 aka aza harsashinsa. Duk da haka ana iya ƙera ƙaramin kan jirgi, kuma a ɗakin matuƙi ake gane gwani.

Aikin yana farawa da awo. A Turai, ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage komai sau 87: mutum mai tsawon mita 1 da santimita 74 zai koma santimita 2 kacal. Ga mai aiki da gwangwani, ragewa sau 20 ta fi sauƙi. Idan faɗin ɗakin mita 3 ne, sai a auna santimita 15.

Sannan a zaɓi irin jirgin. Mai tururi, irin wanda ya iso Kano a 1911, yana da ƙofar murhu a tsakiya, agogon awon ƙarfin tururi da gilashin duba ruwan tukunya. Mai gazuwal yana da kujera da tebur, hannun ƙara gudu, da birki biyu: ɗaya na kan jirgin, ɗaya na taragai duka.

Kayan aikin suna nan a gida. Kwali ya isa daɓe da bango, totuwar kara ta zama kujera, siririyar waya ta zama bututu da hannun birki. Agogo kuwa, a yanka farar takarda a zagaye, a zana mata allura.

Kuskuren masu koyo shi ne rufe rufin da wuri. A gama cikin ɗakin tukuna, a shafa fenti mai haske tunda tagogin ƙanana ne, sannan a manna robar taga.

Yaron da ya iya wannan ya koyi rabawa, awo da karanta zane, wato abin da maƙeri, kafinta da makanike suke cin abinci da shi.