Me ya hana mu kiwon taguwa a Mawashi?

Raƙuman da ake gani suna dakon taki da amfanin gona a wajenmu, tsakanin Kankiya da Kusada, galibi maza ne, kuma sayo su ake yi. Daga Nijar suke gangarowa, su biyo ta kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi ko ta Maigatari. Taguwa kuwa, wadda ita ce uwar garke, mun bar wa Buzaye.

Ban ga laifin manomi ba, lissafi ya yi. Taguwa ba ta ɗaukar ciki sai ta shekara 4 ko 5. Cikin wata 13 ne, ɗa guda take haifa, sannan sai bayan shekara biyu a sa ran wani. Kafin nan akuya ta cika gida. Barbarar ma tana da lokacinta, da sanyin hunturu. A lokacin ne amale ke kumfar baki, yana cizon haƙora, ya rage cin abinci, har mai riƙe da akalarsa sai ya yi hattara. A durƙushe ake barbarar, kuma ƙwan taguwa ba ya sauka sai an yi ta.

Haka ɗabi'ar take ga 'yar uwarta lama, wadda ake kiwo a tsaunukan Peru da Bolibiya. Ba ta da tozo, cikinta wata 11 da 'yan kwanaki, kayan da take ɗauka bai fi kilo 30 ba. Zumuncin na jini ne, don a 1998 masana a Dubai sun haɗa irin raƙumi da na dangin lama aka samu ɗa. A Peru da Bolibiya iyali ke riƙe uwayen garke, su ci moriyar gashi da nama da kashin da suke girki da shi.

Ni dai ina ganin muna asara. Da bazara, sa'ad da kuɗin dusa da harawa ke karya mai shanun huɗa, taguwa miƙa wuya kawai take yi ta ci gawo, wanda ke ganye da rani, ta haɗa da aduwa da magarya. Ga nono wata da watanni. Wahalarta damina ce: ƙudan cizo mai kawo sammore, ƙazuwa, da neman inda za a ɗaure ta kada ta shiga geron maƙwabci, don gonakinmu yanzu sun haɗe, burtali ya tsuke.