Daga Taka Leda Zuwa Horarwa: Darasin Keshi da Doula ga Damargu

Ranar 10 ga Fabrairun 2013, a birnin Johannesburg, Najeriya ta doke Burkina Faso da ci ɗaya mai ban haushi, ta ɗauki kofin nahiyar Afirka. Mai horar da tawagar, Stephen Keshi, ya taɓa ɗaga wannan kofi a Tunisiya a 1994, lokacin yana kyaftin. Kafin shi, Mahmoud El-Gohary na Masar ne kaɗai ya ci kofin yana ɗan wasa, ya kuma sake cin sa yana koci. Ƙarancin irinsu ya isa shaida cewa iya wasa daban, iya koyar da shi daban.

An haifi Keshi a Azare ta jihar Bauci a 1962. Mai tsaron baya ne, kuma ya yi suna a ƙungiyar New Nigeria Bank ta birnin Benin kafin ya wuce Abidjan a 1985. Daga can ya tsallaka Beljiyam, ya buga wa Lokeren da Anderlecht, sannan Strasbourg ta Faransa. Wanda ke tsaye a baya yana kallon fili gaba ɗaya: yana ganin inda aka bar ƙofa, da wanda ya gaji, da wanda ya bar gurbinsa. Wannan ido ya yi wa Keshi rana daga baya. Duk da haka, da ya rataye takalmi bai ce sunansa ya wadatar ba. Ya nemi ilmin horarwa a Amurka, ya dawo ya zama mataimakin Shuaibu Amodu, ya koyi aiki a ƙarƙashin na gaba da shi.

Dalilin komawa ɗalibi a fili yake. Ɗan wasa gurbinsa kawai yake tsarewa, koci kuwa mutum goma sha ɗaya ne a wuyansa, ga na benci da kowannensu ke ganin shi ya fi cancanta. Shi ne zai tsara atisaye yadda ƙarfin yara zai kai ƙarshen gasa ba tare da targaɗe ya yi musu yawa ba. Shi ne zai nazarci abokan karawa, ya san lokacin canji, ya iya faɗa wa tauraro cewa yau ba zai buga ba, kuma gobe su gaisa lafiya. Abin da ƙafarsa ta saba yi ba tare da tunani ba, dole ya iya warware shi daki-daki da baki, har yaro ya gane. A nan ne gwanaye da yawa suke faɗuwa, domin sukan rasa haƙuri da wanda Allah bai ba shi irin baiwarsu ba.

Keshi ya ci wannan jarrabawa a Togo. Ya kai ƙasar gasar cin kofin duniya ta 2006, karo na farko a tarihinta, ya bar Senegal a baya. Amma da Togo ta sha kashi a dukan wasanninta uku na kofin Afirka a Masar, sai aka sallame shi, aka ɗauko Bajamushe Otto Pfister ya tafi da yaran gasar duniyar a Jamus. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Bayan ya horar da Mali, Najeriya ta ba shi aiki a 2011. Ya saka 'yan wasa shida masu buga gasar cikin gida a tawagar 2013, har da Gabriel Reuben na Kano Pillars, aka yi ta sukarsa. Ɗaya daga cikin shidan, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kodebuwa, shi kuma ya ci ta wasan ƙarshe.

Mu a Nijar mun san irin wannan labari da kanmu. Harouna Doula ne ya kai tawagar ƙasarmu, Mena, kofin Afirka na 2012, karo na farko tun samun 'yancin kai. A wasannin share fage, a Yamai Mena ta doke Masar mai riƙe da kofi da ci ɗaya, ƙwallon Moussa Maazou, ta kuma doke Saliyo da Afirka ta Kudu. A ranar ƙarshe Nijar da Saliyo da Afirka ta Kudu suka yi kunnen doki da maki tara-tara. 'Yan Afirka ta Kudu sun yi canjaras da Saliyo, suka hau rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye za a duba, alhali dokar gasar ta ce sakamakon karawa tsakanin waɗanda suka yi kunnen dokin ne zai raba gardama. Da haka Nijar ta wuce. Ashe karanta doka ma yana cikin aikin mai horarwa.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓi Doula gwarzon koci na 2011. Duk da wannan, an haɗa shi da Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara, kuma da Gabon ta ci Mena biyu da nema a wasan farko, sai ragama ta koma hannun baƙon. Sauran wasanni biyun ma an yi rashin nasara. Shekaru bayan haka, a gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, Doula ɗin nan ne ya kai Nijar wasan kusa da na ƙarshe, bayan ta doke Kamaru da Gana. Senegal kuwa ta nuna amfanin haƙuri: ta ba tsohon kyaftin ɗinta Aliou Cissé aiki a 2015, ta riƙe shi bayan ya faɗi a wasan ƙarshe na 2019, ya kawo mata kofinta na farko a 2022.

Me ya haɗa wannan da Gangara, da Tanut, da Belbeji? Damargu, inda garuruwan nan suke, ƙasar noman gero ce da kiwo, kuma idan an gama girbi filin kokowa da na ƙwallo sukan cika da matasa. A kokowa, wadda gasar takobinta ta fara a Tawa a 1975, al'ada ta riga ta tanadi hanya: wanda ya tsufa a fage shi ke nuna wa na baya kamu da kayarwa, kuma sunan ɗan kokowa Langa-Langa yana kan filin kokowa na Damagaram. A ƙwallo kuwa, saurayin da gari ke ji da shi, da zarar gwiwa ta gaza ko ci-rani ya ɗauke shi zuwa Agadas ko Libiya, abin da ya sani ya tafi ke nan. Yara su sake farawa daga tushe, babu mai gyara musu tsayuwa ko bugu.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Takardun shaidar horarwa na Afirka mataki-mataki ne, daga na farko mai lamba D har zuwa na ƙwararru, kuma matakin farko ba ya bukatar wanda ya taɓa buga wa ƙasa. Ya kamata hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar ta riƙa kawo irin wannan kwas kusa da ƙananan hukumomin karkara, shugabanninsu kuma su ɗauki nauyin tsofaffin 'yan wasansu da malaman makaranta masu sha'awa su halarta. Wanda ya dawo da takarda a ba shi fili, da ƙwallaye, da ɗan abin sabulu, sannan a ba shi lokaci. Kada faɗuwa ɗaya a gasar gunduma ta sa a karɓe yaran daga hannunsa, domin koci yakan ɗauki shekaru kafin aikinsa ya nuna, kuma garin da ya yi wa nasa haƙuri shi zai ci moriyarsa.